Abin da Ke Bayan Lafiya Lau

A ƙasar Hausa gaisuwa tambaya ce, amma amsarta a shirye take tun ba a buɗe baki ba. Ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Ko mutum yana kwance a gadon asibiti, in aka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce. Al'ada ce mai kyau, ba kuwa wanda zai so a kawar da ita, gama ba kowane mai wucewa ya kamata ya san abin da ke cikin tukunyar wani ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma in mutum ya wayi gari ba shi da ko wuri ɗaya a duniya inda zai iya ba da wata amsa dabam, to, yana cikin hatsari, ko da yake kowa yana ganinsa a kan ƙafafunsa.

Haka ta kasance da wani manomin albasa a wani ƙauye cikin kwarin Majiya, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, ba nisa da Galmi. Magidanci ne mai 'ya'ya biyar. A ƙaramar ikilisiyarsu shi ne mai buga ƙarfen nan na tsohuwar ƙafar mota da ke rataye a jikin dogon yaro ran Lahadi da safe, shi ne kuma mai ɗaga waƙa. Mutum ne mai fara'a, mai yawan ba'a, irin wanda in bai zo zaman makoki ba sai a ji wurin ya ƙara nauyi.

Wanda ya san noman albasa ya san rabinsa ƙarfi ne, rabinsa kasada. Ana renon iri bayan damina, a dasa da sanyi, a yi ta ban-ruwa har zafi ya fara, sa'an nan a cire. A lokacin kowa yana da ita, don haka ba ta da daraja. Mai haƙuri sai ya zuba tasa cikin rudu, yana dubawa yana tsince ruɓaɓɓu, yana jiran kuɗinta ya tashi. Taki, man inji, maganin ƙwari da ladan 'yan ƙodago kuwa, yawanci bashi ne. A watan Yuli na 2023 mutumin nan ya ga lokaci ya yi. Ya haɗa tasa da wadda ya karɓa a hannun maƙwabta uku a kan zai biya in kaya ya sauka, buhu 40 duka, ya sa cikin babbar mota mai zuwa Gana. Ran 26 ga wata sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ran 30 ƙungiyar CEDEAO ta ce a rufe iyakoki. Motocin albasa da yawa suka maƙale a hanya, tasu tana ciki. Albasa kuwa ba ta san siyasa ba, ba ta kuma jira. Cikin buhu, ƙarƙashin tamfol, a tsakiyar damina, kwana kaɗan ya isa ta fara tsiyaya. Ba abin da ya komo wurinsa sai labari.

Ba shi kaɗai ya yi hasara a shekarar ba. Waɗansu sun fi shi, suka yi kwana biyu a kwance, suka tashi suka kama neman iri. Wannan ne ya sa mutane ba su gane abin da ke faruwa da shi da wuri ba, har waɗansu suka ga kamar raki ne. Amma ruwa ɗaya yake sauka a kan gari, ba kuwa kowane ɗaki yake yoyo ba. Tsofaffin gidan sun tuna mahaifinsa ma ya taɓa yin watanni ba ya magana bayan yunwar 1984. Gado yana da rabonsa cikin wannan al'amari, kamar yadda yake da shi a hawan jini, ko da yake ba shi ne duka ba.

Barci ne ya fara ƙaurace masa. Yakan farka tun zakara bai yi cara ba, ya kwanta idonsa biyu yana lissafi: buhu kaza, jika kaza, wane zai zo ran kasuwa, me zai ce masa. In ya kai ƙarshen lissafin sai ya koma farko. Rediyo tana kusa da kunnensa dare farai ko za a ce an buɗe gadar Gaya. Abinci ya fita ransa. Ya bar aski. Ƙaramar 'yarsa da ta saba hawa wuyansa, yanzu in ta matso sai ya daka mata tsawa, daga baya ya zauna yana jin shi ne mafi mugunta cikin iyaye. Ran Lahadi ya ce maƙogwaronsa yana ciwo, wani ya ɗaga waƙa. Lahadi ta gaba bai fito ba sam.

Abin da ya kai asibiti kuwa ba wannan ba ne. Ya ce kansa yana zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, wani abu yana masa yawo a jiki. Ba ƙarya yake yi ba, gama baƙin ciki mai nauyi a jiki yake fara magana, balle ga wanda aka rene shi a kan namiji ba ya kuka. Sau biyu ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro, bai ji daɗi ba. Daga nan wani ya nuna masa ƙwayar tramol da ake samu wurin masu tebur a kasuwa. Takan ɗauke gajiya na 'yan sa'o'i, sa'an nan ta yar da mutum ƙasa da inda ta same shi, ta kuma sa shi neman ƙari. Samari da yawa a ƙasar nan sun shiga hannunta ta wannan ƙofa, har da waɗanda ta jawo musu faɗuwa kamar ta farfaɗiya.

'Yan'uwa na ikilisiya sun zo, ba a ce ba su zo ba. Sun zo ƙungiya ƙungiya bayan sujada, suka yi addu'a, suka ce ya yi haƙuri, bashi hanji ne yana cikin kowa. Wani ya ce mai bi ba ya zama cikin baƙin ciki. Wani ya tambaye shi a keɓe ko akwai zunubin da bai furta ba. Waɗansu mata kuma suka ce a bincika, wataƙila hannu aka sa masa. Dukansu da kyakkyawar zuciya suka yi, amma kowace magana ƙara masa kaya ta yi. A da bashi kaɗai yake ɗauke da shi, yanzu ga kunyar cewa bangaskiyarsa ta kasa. Don haka in sun tambaye shi sai ya ce da sauƙi, su tafi da murna, shi kuwa ya koma lissafinsa.

Abin mamaki, labarin Iliya yana nan cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, kowa kuma ya san shi. Annabin da ya tsaya gaban ɗaruruwa a kan Dutsen Karmel, shi ne ya gudu jeji, ya zauna gindin wani ɗan itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai yi masa wa'azi ba, bai tuhumi bangaskiyarsa ba. Abinci da ruwa ya ajiye masa, ya bar shi ya yi barci, ya sāke tashe shi ya ci. Sai daga baya aka yi magana da shi, aka ba shi aiki, aka kuma ba shi abokin tafiya, wato Elisha. Abokan Ayuba ma, kwana bakwai na farko da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, su ne kwanakin da suka fi amfane shi. Da suka buɗe baki ne aka shiga uku. Masu ziyarar marasa lafiya sukan karanta wuraren nan, amma shiru yana da wuyar riƙewa, mutum yakan ji kamar bai yi aikin da ya kawo shi ba in bai bar wata kalma ba.

Matarsa ce ta ga abin da sauran ba su gani ba. Wata rana ya kira babban ɗansu ya nuna masa iyakar gona da inda takardun gida suke. Wata rana kuma ya ce da ita, da ba shi a gidan da masu bin bashi sun ji tausayinta. Sa'an nan ta lura galan ɗin maganin ƙwari da ke zama a bukkar lambu ya komo cikin ɗaki, alhali ba lokacin feshi ba ne. Gabanta ya faɗi. Ba ta iya tambayarsa ba, gama tsakanin mata da miji akwai maganar da nauyi ba ya bari a furta. Ba ta kuma so ta kai wa dattawa, don kada kalmar hauka ta fita. In ta fita ba ta komawa, ga shi kuwa suna da budurwa da ake nema.

Sai ta tafi wurin taubashinsa, ɗan kawunsa, wani mahauci Musulmi a ƙauyen da ke gaba. Gidaje da yawa a yankin haka suke, masallaci da majami'a cikin zuriya ɗaya. Ba banza ta zaɓe shi ba. Taubashi shi ne mutumin da al'ada ta ɗauke wa kunya. Yana iya shiga ɗaki ba sallama, ya ɗauke naman da ke gabanka, ya faɗa maka abin da ko mahaifinka ba zai faɗa ba, ba kuwa damar fushi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gāda. Mutane sukan ɗauke shi abin dariya kawai, amma wanda aka yarje wa ya yi maka ba'a, shi ne kuma aka yarje wa ya yi maka tambayar da kowa ke tsoro.

Ya zo da la'asar, ya tarar da shi kwance fuskarsa na duban bango.

"Kai bawana, tashi ka gai da ubangidanka. Wannan gemu fa? Ko akuya kake so ka gāda?"

Ba amsa. Ya jawo tabarma ya zauna. Ya daɗe bai ƙara cewa kome ba, yana ta ɓare gyaɗa yana turawa gabansa. Da hasken rana ya bar bakin ƙofa sai ya sauke murya.

"Ɗan gwaggo, ban zo jin lafiya lau ba, na ji ta a bakin hanya. Tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka yi mini ƙarya. Kana tunanin kashe kanka?"

Shiru ya yi tsawo. Can ya ce, "Kullum da asuba."

"Ka shirya wani abu?"

Ya nuna ƙarƙashin gado da haɓa. Daga nan kuka ya ƙwace masa, irin wanda rabonsa da yi tun yana yaro. Mahaucin bai ce ya yi shiru ba, bai ce wannan saɓo ne ba, bai kuma ce ka dubi 'ya'yanka ba. Ya bar shi har ya gama. Sa'an nan ya ce, "Yau a nan zan kwana, ka ce wa matarka ta ƙara tuwo. Wancan abin kuma gidana zai koma. Gobe da safe ni da kai sai wurin majo."

Mutane da yawa suna jin tsoron irin wannan tambaya, suna cewa kada a sa wa mutum abin da babu a ransa. Masu binciken al'amarin sun ga ba haka ba ne. Tambayar ba ta shuka tunanin, sai dai ta buɗe wa wanda ya daɗe shi kaɗai da shi ƙofa. Ɗauke galan ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, yawancinsu a ƙauyukan manoma. A ƙasar Siri Lanka, sa'ad da hukuma ta hana shigo da magungunan ƙwari mafi dafi, kisan kai ya ragu da wajen kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Talauci bai ƙare a can ba, bashi bai ƙare ba. Sai dai wannan tunani kamar guguwa yake, yakan taso da ƙarfi ya wuce, in kuwa abin ba ya kusa da hannu a sa'ar, sau da yawa mutum yakan ga wayewar gari.

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, yawancinsu kuma a Yamai suke. Amma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri na koya wa ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci su gane irin wannan ciwo su kuma yi maganinsa, aka yi sa'a majon da suka tarar ya san aikin. Wannan karon taubashin ne ya fara magana, don haka ba a tsaya ga ciwon kai ba. Majo ya tambayi barci, ya tambayi ci, ya tambayi ko akwai abin da har yanzu yake masa daɗi, da kuma tun yaushe. Ya ce baƙin ciki na kowa ne, amma in ya wuce mako biyu yana danne mutum kusan kullum, ya hana shi aiki da jin daɗin abin da ya saba so, to, ya zama ciwo, ciwon damuwa mai tsanani. Ya ce ba hauka ba ne, ana kuma warkewa. Manomin ya ce daga baya, jin cewa abin yana da suna, kuma waɗansu sun zauna a kan bencin nan kafin shi, ya rage masa wani abu tun bai haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba.

Majo ya rubuta magani na sha da dare, ya sa aka kira matar ya danƙa mata na mako biyu kaɗai, ya ce ita za ta riƙe. Ya gargaɗe su cewa zai busar da baki ya kawo kasala tun daga farko, amma amfaninsa ba ya fitowa sai an yi makonni. Ya kuma nuna musu yadda za a rabu da tramol. Mako na uku barci ya fara zuwa. Wata na biyu ya nemi a kira wanzami. A wata na uku sai ya ce ya warke, ya fara ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe yana tofarwa. Kafin wata ya zagayo, farkawar asuba ta komo. Da ƙyar matar ta shawo kansa suka koma. Irin wannan magani ana ci gaba da shi watanni da dama bayan an ji sauƙi, ba a kuma yanke shi farat ɗaya.

Magani bai yi aikin shi kaɗai ba. An tsara masa yini kamar yadda ake tsara wa mai jego. Da safe ya taka zuwa lambu ko ba zai yi kome ba, don rana ta taɓa shi, ƙafa kuma ta motsa. Aiki ɗaya a yini, ƙarami, wanda zai iya gamawa: gyaran kwami guda, ko ɗinke bututun inji. Mai wannan ciwo yakan jira sai ya ji sha'awa kafin ya tashi, alhali sha'awar a bayan aikin take zuwa. Abinci cikin akushi ɗaya da 'ya'yansa maza, ba shi kaɗai a ɗaki ba. Shayi mai ƙarfi ya tsaya da azahar. Rediyo ta kwana a ɗakin matar.

Kowace ran kasuwa da yamma mahaucin yakan biyo da ɗan ƙunshin tsire, su shimfiɗa tabarma bayan gida. Rabin zaman zagin wasa ne. Sauran rabin kuma tambaya ce: cikin abubuwan da ke damunka wanne za a iya taɓawa a makon nan? Bai taɓa jin labarin Zimbabuwe ba, amma abin da yake yi ya yi kama da nasu. A can, tun wajen 2006, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, suna taimakonsu su zaɓi matsala ɗaya su fuskance ta. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun sami sauƙi sosai fiye da waɗanda ba su zauna ba. A harshen Shona sunan ciwon kufungisisa, ma'anarsa yawan tunani. Bahaushe bai bukaci a fassara masa wannan ba.

Sai batun bashi, wanda ba ƙwayar da za ta narkar da shi. CEDEAO ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairu na 2024, amma wannan bai komo masa da buhu ko ɗaya ba. A nan ne dattawan ikilisiya suka sami aikin da ya dace da su. Biyu daga cikinsu tare da taubashin suka tara maƙwabtan nan uku a zauren mai gari, aka lissafta abin da kowa yake bi a gaban shaidu, aka rubuta, aka raba biyan a kan girbi uku. Kuɗin bai ragu da ko dala ba. Amma bashin da ke rubuce a takarda yana da iyaka, wanda ke yawo a ka da asuba kuwa ba shi da ita.

Matar ma ta jigata, ba kuwa wanda ya tuna ya tambaye ta, har ran da ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya. Daga nan zumuntar mata suka raba kwanaki a tsakaninsu, wata ta yi daka, wata ta ɗebo ruwa, wata tsohuwa kuma ta riƙa zama da ita da hantsi ba don kome ba sai hira.

Ƙarfen ran Lahadi ya fara karɓa, gama bugun ƙarfe ba ya bukatar murya. Waƙa sai da aka kusa shekara. A sanyin nan rabin lambun kaɗai ya dasa, bai karɓi albasar kowa ba, ya sayar da tasa a kasuwar Galmi. Ya biya kashi na farko a 2024, na biyu a 2025. Majo ya janye maganin a hankali bayan shekara guda da 'yan watanni, ya ce in farkawar asuba ta komo ta yi mako, kada a jira. Ɗaya daga cikin maƙwabtan har yanzu in sun haɗu a hanya yakan kau da kai. Maganin ƙwari kuwa yana nan a gidan mahaucin cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo. In lokacin feshi ya yi, ɗan mahaucin ne yake auno na yinin ya kawo lambu a kan keke, ya jira a gama, ya koma da kwalbar.